Jirgin da Muka Haɗa a Falo

Kluang, farkon damina

Yaya Salbiah,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambaya ko jirgin saman maigidana Abang Zali ya bar mana gida. Yana nan. Tun da ya yi ritaya ya sayo shi gunduwa-gunduwa a akwatuna, falona ya zama gareji. Fiffike ɗaya na jingine a hanyar kicin, sai na karkace nake wucewa da tukunyar shinkafa. Baƙin Sallah a baranda suka ci abinci.

Ni ce mai tokare masa ƙarfe ta ciki in yana buga ƙusoshi. Kafaɗata ta gaji, kunnena na dama ya daina ji sosai. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Haba amarya, saura kaɗan." Amarya da jikoki huɗu! Shekarun baya ma haka ya ce.

Ƙanwarki,
Rohani

Kluang, bayan Babbar Sallah

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe shiruna, asibiti muka kwanta. Abang ya faɗi yana ɗaura inji. Likita ta ce zuciya ce, kuma shi da hawa sama har abada, ko a matsayin fasinja.

Na ɗauka zai haƙura. Ranar da aka sallame mu ya zauna gaban jirgin yana kallonsa har abinci ya huce. Ganin haka na ɗauko ƙarfena na miƙa masa guduma. Ban san me ya sa ba, Yaya. Wallahi na gaji da jirgin nan, amma shirunsa ya fi gajiyar da ni.

Taki,
Rohani

Kluang, ƙarshen shekara

Yaya Salbiah,

Da fatan kowa lafiya. Jirgi ya tashi. Sai da aka cire ƙofar falo kafin ya fita. Abokinsa Kyaftin Lim, tsohon matuƙi, shi ya yi ta gwada shi har hukuma ta amince a ɗauki mutum na biyu.

Abang ya riƙe hannuna ya ce, "Ki hau min, Ani. Ki dawo ki faɗa min."

Kin san ni, ko tsani ba na hawa. Na hau. Na runtse ido, na yi amai a leda, Kyaftin na ta dariya yana cewa, "Buɗe ido mana, hajiya, aikinki ne fa!" Da na buɗe, gonakin kwakwar manja ne har iyakar gani, can ƙasa ga ɗigon farar rigar Abang a bakin fili, hannu a sama.

Da muka sauka Abang bai tambayi yadda sama take ba. Cewa ya yi, "Fiffiken hagu ya yi rawa?"

Na ce ko kaɗan. Gaskiya na faɗa masa, Yaya. Ni ce nake rawa.

Ki gaida kowa. Ki zo, yanzu akwai wurin zama.

Ƙanwarki,
Rohani