Daddawar Inna a Teku

Laraba da dare, cikin jirgin ruwa.

Jirgin da zai kai ni karatu Ingila ya tashi daga Ikko da akwatina, ya bar ni. Sai yau na cim masa a Takoradi. Na tarar da akwatin a ɓalle. Abokin ɗakina ya ce, "Malam, wari ya hana ni barci, na jefa ƙullin a teku."

Daddawar da Inna ta yi mini a Roni! Na shaƙe shi, na yi ta buga kansa da ƙarfen gado har haƙorinsa ya fita. Mutum uku suka ɓamɓare ni.

An ce wataƙila a sauke ni a tasha ta gaba, karatun ya tashi ke nan. Ban yi nadama ba. Na cusa kaina cikin akwatin, ƙamshin yana nan.