Ruwan Mutanen Tudu

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali, ya ƙarin haƙurinmu? Mama na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko tabarmar gidan nan ƙaya gare ta, da ka zo jana'izar mahaifinka ka kwana biyu ka tashi. Takarda na rubuto tunda waya sai ka ga dama kake ɗauka.

Hukumar ruwa ta aiko. Za su yi taron tunawa da Baba ƙarshen wata mai zuwa, suna son shafi guda na tarihinsa da za a karanta. Kai ne mai alƙalami a gidan nan, ga abin da na tattara maka. Shekara talatin da huɗu ya yi musu aiki, daga haƙar rami har ya zama mai kula da bututun gari. Sau biyu ana ba shi kujera a ofis, yana cewa daga can ba a jin motsin ruwa. Ya yi ritaya, amma dogon makullin nan nasa na ƙarfe na buɗe ruwa bai yi ba, kullum yana ɗaure a bayan keke. Ya riƙe mu mu huɗu da marayun Baffa uku a ɗaki uku, bai taɓa bambanta mu ko a takalmi ba. Shi ke share masallaci, ban san ranar da sahun farko ya wuce shi ba. Ka gyara, amma kar ka cika gishiri, ka san ba ya so.

Ga wani abin mamaki. Tun ranar Asabar ɗin da Baba ya kwanta ciwo famfonmu bai ɗauke ba. Mu da ake yi wa dariya, gidan mai ruwa babu ruwa sai Talata da Asabar! Yanzu unguwarmu ta kwari gaba ɗaya ruwa har ture bokiti yake. Mama ta wanke labulaye da barguna, ta daina ɗaure ƙugu da zane saboda ciwon baya. Maƙwabta sun ce albarkar mamaci ce.

Ka gaida matarka da yara. Sai na ji daga gare ka.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, muna lafiya. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Ki ce wa Mama ta yi haƙuri, aiki ne ya taso ni.

Maganar shafi ki ɗauke mini. Ki ba abokin aikinsa, Baba Mai Mita, ya fi ni sanin abin da zai faɗa. Abin da kika lissafa ma ya isa, ko shi aka karanta babu ƙarya a ciki.

Na ji daɗin labarin bayan Mama fiye da yadda kike zato. Ki bar ta ta more ruwanta, ta sha ɗaukar jarka. Idan wani daga hukuma ya zo yana tambayar yadda Baba ke gudanar da aikinsa, ki ce ba ki sani ba. Gaskiya kika faɗa.

A gaida kowa.

Auta

*

Zuwa ga ɗana, autan marigayi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ta'aziyya, ina roƙon Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya sa ya huta. Ni ne tsohon da ke zuwa duba mita, wanda kuke guduwa in kun hango. Shekara ashirin da takwas muna fita aiki tare da shi.

Dalilin wannan takarda shi ne, yau sati biyar ke nan ko ɗigo bai hau unguwar tudu ba. Ƙaramin asibitin da ke can a jarka ake kai masa ruwa. Makarantarsu ana tashin yara kafin azahar. Mata na gangarowa kwari da robobi tun safe. Sabon injiniya yaro ne mai ƙoƙari, ya duba taswira, ya duba duk bawul ɗin da ke cikinta, wato wuraren buɗewa da rufe ruwa, ya ce injin tura ruwa ne ya tsufa. Ya rubuta a sayo sabo, an ce sai baɗi.

Ni kuwa na san injin nan a haka yake tun ina da baƙin gashi, kuma ruwa na hawa tudu. Akwai abin da mahaifinka ke yi wanda ba ya cikin takarda. Na taɓa tambayarsa, ya ce in bar maganar, mutanen kwari sun fi na tudu baki a ofis. Ban sake ba, wannan kuskurena ne.

Na je wurin mahaifiyarka. Ta ce in rubuto maka, kai ka raka shi bara lokacin da hannunsa ke ciwo. Ba na tilasta ka. Amma in ka san wani abu, ka dubi Allah ka dubi mutanen nan.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.

Babanka, Mai Mita

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na san kin ji Baba Mai Mita ya rubuto mini, to bari in fasa miki ƙwan.

Bara da na zo hutu, ranar Laraba bayan an fito masallaci da safe, Baba ya ce in ɗauko makulli in biyo shi, hannunsa ba zai iya murɗawa ba. Muka je wani wuri, ya ɗaga murfi, sai ga tsohon bawul a ƙasa. Ya ce in murɗa dama, yana ƙirgawa. Da muka gama na ce wannan na wace unguwa ne? Ya ce, “Tamu.”

Na ce ban gane ba. Ya ce, “Ruwa ba ya son hawa, Auta. In ban matse wa kwari ba, tudu ba za su gan shi ba. Talata da Asabar nake sakar muku.”

Na ce, “Tun yaushe?”

Ya ce, “Shekara ashirin da shida. Tsohon manaja ne ya ba ni izini da baki, shi ma ya rasu.”

Na tuna jarkokin da muka ɗauka kafin mu tafi makaranta, da bulalar makara, da bayan Mama. Na ce, “Baba, ashe kai ne?” Ya ce, “Ku kuna da rijiya kusa, su dutse ne a ƙarƙashinsu. Ran gobe ba za a tambaye ni gidana ya sha ba, gari aka ba ni amana.” Na ce masa amanar gida fa, ko ita ba a tambayarta? Ya mayar da murfi, muka koma gida. Washegari na tafi, ban sake ganinsa da rai ba. Shi ya sa ban iya zaman gidan ba, shi ya sa na ƙi shafin.

Ranar Asabar ya buɗe, da yamma ya kwanta, babu wanda ya je ya rufe. Albarkar mamacin ke nan.

Wurin ba ya cikin taswira, ni kaɗai na san shi, ni kaɗai na san juyi nawa ne. In na faɗa, Mama ta koma ɗaukar jarka da tsufanta. Maƙwabtan da suka cika ƙofar gida suna yi masa addu'a su gane wanda ya hana su ruwa shekara da shekaru, ana saura kwanaki a karanta yabonsa. Har yanzu ina jin haushinsa, amma ba na son a zage shi. Ki bar su su sayo injinsu.

Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka, Allah ya bar zumunci. Takardarka ta hana ni cin abinci yini guda. Ni ma na yi fushi, kar ka ɗauka kai kaɗai ke da zuciya. Ni ce babba, na riga ka fara ɗaukar jarka da shekara takwas.

Na karanta wa Mama, ina tsoron kar ta faɗi. Ko gezau. Ta ce, “Wa kike tsammani ke tuna masa ya je ya rufe ran Laraba da Lahadi? Wurin ne dai ban sani ba, ban taɓa tambaya ba.” Na ce to me ya sa ba ki faɗa mana ba? Ta ce, “Ku da bakinku ba ya riƙe ko gishiri?” Ta kuma ce in tuna maka, ruwan alwalarta da na girki shi yake ɗauko mata a keke kullum, ko ranar da yake zazzaɓi.

Sannan ta faɗi abin da ya sa ni kuka. Ta ce, “Sati biyar ina sane na yi shiru. Bayana ya ji daɗi, na ce bari in ƙara kwana ɗaya, in ƙara kwana ɗaya. Allah ya yafe mini. Sai da Mai Mita ya zauna a gabana na ji kunya.”

Jiya na hau tudu da ƙafata. Layin robobi daga ƙofar asibiti har kwanar makaranta. Na ga wata mai tsohon ciki ta sauke jarka tana hutawa, ta gaishe ni, ta ce ai ta san ni, 'yar mai ruwa ce, tun da ya rasu suka shiga uku. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Mama ta ce ba ta umarce ka ba, kai ka ji abin da ya gaya maka. Ni ma ba zan ce maka maƙwabta za su yi shiru ba. Za su yi magana, wasu ma ba za su je taron ba. Abin yana hannunka.

Mama na sa maka albarka. Ka gaida yara.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama. Ina tafe ranar Asabar in Allah ya yarda.

Ki gaya wa Baba Mai Mita ya zo da injiniyan Lahadi da safe, da taswirarsa da alƙalami, wannan karon a rubuta. Juyi bakwai ne zuwa dama. Ki fito mini da makullin Baba, ki cika wa Mama duro biyu kafin nan, ki nemo wanda zai riƙa kawo mata ruwa.

Da hannuna zan rufe, bayan na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa wa unguwa dalili. In za a zagi wani a zage ni, ni ina da rai, zan iya amsawa.

Ki ce wa Mama ta yafe mini. Sai na iso.

Auta