A Bar Mana Askar Babana a Ƙyauren Gidan Gwamna

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan jiharmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar da Allah ya ɗora maka. Ni tsohuwar malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, ɗiyar Gado, maƙerin Matankari, Allah ya jiƙansa. Kuka na kawo, amma bari in fara da abin da idona ya gani.

Na farko. Ranar Talatar da ta wuce na shiga gidanka karon farko a rayuwata, cikin ayarin malaman da suka ajiye aiki. Ranka ya daɗe, wannan gida ya cika gida! Kaurin bangonsa ya kai tsawon hannuna. Rana tana ƙuna a waje, amma ina taka baranda sai sanyi ya ratsa ni kamar na leƙa cikin randa. Ga itatuwan maɗaci da mutum biyu ba su rungume ɗaya, ga rufi can sama, sai ka riƙe ɗankwali kafin ka dube shi. Ban san sa'ad da na tuɓe takalmi ba, har sojan ƙofa ya yi murmushi. Ni da na yi shekaru ina tsawata wa yara, ranar nan sai raɗa nake yi.

Na biyu. Tun muna ƙanana muke jin tarihin gidan a bakin babanmu. Ya ce kwamandan Nasara ya fara zama cikinsa, daga baya manyan ƙasarmu suka gaje shi. Babanmu kuwa aikin tilas ya kai shi can, yana saurayi, aka taso su a ƙasa daga Matankari. Shi ya ƙera babbar ƙofar ƙarfe mai ƙyaure biyu, da guduma da zugazugi, babu inji. Da ya gama bai iya rubuta sunansa ba, sai ya yi abin da ya sani. Ya tsaga layi biyu a kowane ƙyaure, daga baki zuwa gefe, daidai askar mutanenmu Arawa da ke kumatunsa. Duk Ba'aren da ya wuce ya san hannun ɗan gida ne. Shekara da shekaru nake jin kunyar in roƙi izinin zuwa in gani.

Na uku, nan kukana yake. Ƙofar ba ta wurinta. Na iske ta jingine bayan gida, wajen masu gyara. Ƙyauren dama an gurje shi da inji, ya yi sumul, ba alamar komai. Na hagu ne ya saura. Na sa yatsa cikin tsagar nan biyu. Na tambayi ɗan kwangilar gyaran, ya ce shi karce ya gani irin na tsufa, zai shafe a yi fenti, kuma mako mai zuwa za a gama ɗayan. Abin da ya fi ci mini rai, da na ji maganarsa, ashe ɗan garin Kore Mairuwa ne, Ba'are ɗan'uwana! Ban ga laifinsa sosai ba. Zamaninsu an bar yin aska, fuskarsa fes take, wa ya nuna masa?

Don haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. A dakatar da injin nan kafin ya taɓa ƙyauren hagu. A mayar da ƙofar inda take a da, in an ga dama a shafa fenti, amma a bar tsagar a bayyane. In kuwa an ce ba ta dace da sabon gyara ba, a ba mu ita, za mu nemo amalanke mu kai ta Matankari da kanmu.

Babanmu bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, kabarinsa kuma ruwa ya daɗe da shafe shi. Jikokina suna tambayata yaya kamanninsa suke. In aka gurje wannan ƙyaure, ba ni da abin da zan nuna musu.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka lafiya da masu faɗa maka gaskiya, ya sa ka fita gidan nan da mutuncinka.

Wassalam.

Ɗiyar Gado Maƙeri,
Dogon Dutsi.