Na Yi Bankwana da Kurfi, Ga Ni Ɓoye a Dutsin-Ma

Zuwa ga Shugaban kamfanin jirgin saman da ya tashi ya bar ni,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gajiya, ina fama da jama'a?

Ni tsohon malamin firamare ne a Kurfi. Ɗiyata ta haihu a Legas, mijinta ya saya mini tikiti in je suna, jaririn ma sunana za a sa masa. Ban taɓa hawa jirgi ba, don haka na bi gida gida na yi bankwana, liman ya yi mini addu'a, maƙwabta suka rako ni har tasha.

Na farko, da na isa filin jirgi a Katsina sai aka ce ya tashi tun da safe, wai an sauya lokaci, an aiko mini imel. Imel ɗin nan, tun ranar da aka buɗe mini shi don tantance 'yan fansho ban sake sa shi a ido ba. Ga lambar wayata a hannunku, wadda ko mai kawo mini ruwa da ita yake samuna.

Na biyu, aka ce in rubuta kukana ga mai amsa saƙonku a waya, akwai sauran kujera ɗaya a jirgin washegari. Na ga sunan mace, na yi sallama, na ce Hajiya ina wuni. Ta ce in zaɓi ɗaya, biyu ko uku. Ni kuwa ba a rene ni in faɗa cikin magana ban tambayi iyali ba. Ina tsakiyar tambayar lafiyar maigidanta ta ce lokacina ya ƙare, in ba ta taurarin yabon aikinta. Kafin in sake samunta kujerar ta tafi. Ashe ma na'ura ce. Na ji kunya, na ji haushi, aka yi sunan jikana ba ni.

Yanzu Kurfi ba ta komuwa, kowa ya san ina Legas. Ina ɗakin ƙanena a Dutsin-Ma, ranar kasuwa ko ƙofa ba na leƙawa. Matata ce ke rufa mini asiri a Kurfi, jiya har ta gaya wa maƙwabta na ga teku.

Ina roƙo ku sa mutum mai rai ya riƙa bugo wa irinmu waya. Ni kuma ku ba ni kujera cikin makon nan, in ɗauki jikana, in kuma ga tekun nan kafin a tambaye ni kalarsa.

Allah ya ƙara girma, ya sauke jiragenku lafiya.

Wassalam, daga ƙuryar ɗaki,
Malamin da Kurfi ta sallama.