Rasuwar Injiniya Kefas Dominic, Mai Gadin Teku

Cikin alhini mai nauyi, da gajiyar zuciya irin ta waɗanda suka riga suka binne nasu har uku a shekarar nan, Ƙungiyar Injiniyoyi da Masu Fasaha 'Yan Asalin Ƙasar Zuru, a ƙarƙashin jagorancin mai girma shugabanta da dattawan kwamitin amintattu, ta samu labarin rasuwar ɗanta, Injiniya Dakta Kefas Dominic, wanda Ubangiji ya kira zuwa hutawa ranar Litinin da ta gabata a wani asibiti a Abuja, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, yana da shekara hamsin da huɗu. Wannan ce sanarwa ta huɗu irin wannan da na sa wa hannu tun watan Janairu, kuma ba na ɓoye wa kowa cewa na gaji.

Marigayin, ɗan fitaccen dattijonmu Sajan Manjo Dominic mai ritaya, an haife shi a gindin duwatsun nan namu, inda babban ruwan da ya sani shi ne rafin da ke ƙafewa da rani, kuma bai taɓa ganin teku da idonsa ba sai da ya haura shekara ashirin da biyar. Duk da haka a kan teku ya ƙarar da rayuwarsa. Aikinsa a cibiyar binciken da ya yi wa hidima shi ne tsara na'urar rada da ake ɗora wa tauraron ɗan'adam, wadda ke aika sigina daga sama zuwa fuskar ruwa ta saurari abin da ya dawo, domin ƙarfen jirgin ruwa yana mayar da shi da ƙarfi fiye da ruwan kansa. Jiragen da ke satar kifi ko ɗanyen mai sukan kashe na'urar da ke bayyana sunansu, su ɓuya cikin hadari da duhu, to irin radar da Kefas ke tsarawa ba ruwanta da hadari ko duhu. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana fama da eriyarta da lissafin da zai bambance ƙaramin jirgi da igiyar ruwa. Sau uku aka jingine aikin, sau uku ya sake ɗauka. An gwada na'urar a jikin jirgin sama ta yi aiki, amma tauraron bai tashi ba har Kefas ya cika.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka wajibi ne ƙungiyar nan ta faɗi nata laifin a bainar jama'a. Sau uku aka gabatar da sunan marigayin domin karramawar da muke yi duk watan Disamba, sau uku muka tsallake shi, saboda babu wanda ya iya bayyana wa kwamiti aikinsa, wasu kuma suka ce ai Zuru ba ta da teku. Ina zaune a wurin kowane karo, ban ce uffan ba. Shi kuwa yakan zo taron, ya zauna a layin baya, ya tafa wa wanda aka zaɓa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne maganar makwancinsa, wadda iyalan suka yarje mana mu ambata. A maƙabartar gidansu akwai layi guda na waɗanda suka sa kaki, inda kakansa da ya je yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yake kwance tare da yayyen marigayin biyu. Baba Sajan Manjo, wanda ke da shekara tamanin da shida, ya yanke cewa a haƙa wa Kefas a ƙasa da layin, domin a ganinsa ɗan nasa ya ƙi soja, ya tafi zaman ofis, bai yi wa ƙasa aiki ba. Maiɗakin marigayin, Uwargida Rachel Kefas, ba ta yi musu da surukinta ba, amma kwana biyu ta yi ba ta sa komai a bakinta ba, masu haƙa kabari kuma suka ajiye diga suna jira.

Ranar Laraba tawagarmu ta je gaban dattijon, muka yi ta zuba bayanin boko har bakinmu ya bushe, yana dai kallon ƙasa. Wadda ta fitar da mu ita ce abokiyar aikin marigayin, Dakta Nneka Nwankwo, haifaffiyar Zuru, 'yar mai shagon kayan gyaran babur, wadda ta durƙusa ta tambayi Baba ko ya taɓa tsayuwar santiri, wato gadin soja, a bakin iyaka. Ya ce ya yi ta shekara da shekaru. Sai ta gaya masa cewa ƙasar nan tana da iyaka a cikin ruwa, mai faɗin da ba sojan da zai iya tsayawa a kai, kuma ɗansa ido yake ƙera wa masu gadin wurin. Nan dattijon ya aika a gaya wa masu haƙa su koma layin sama.

A madadin shugaba da ɗaukacin membobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Baba Sajan Manjo Dominic, da Uwargida Rachel, da 'ya'yan marigayin, Goodness da Prosper, da ikkilisiyarsa, da abokan aikinsa, da al'ummar ƙasar Zuru baki ɗaya, muna roƙon Ubangiji Mai Ta'aziyya ya ba su ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, ya ba bawansa hutawa ta har abada. Za a yi sujadar jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a gidan mahaifinsa. An kawo shawarar a karrama marigayin a taron bana, ni dai na ce wannan ihu ne bayan hari, amma ba zan hana ba.

Da muka tashi tafiya ranar Larabar nan, dattijon ya riƙe hannun rigata, ya ce: "Shekara talatin yana zuwa gida. Don mi bai taɓa gaya mani ba?" Uwargida Rachel ce ta amsa daga bakin ƙofa, cikin ladabi, cewa mijinta yana jiran tauraron ya tashi ne, domin ya fito da Baba tsakar gida ya nuna masa shi da yatsa.

Sa hannu:
Injiniya Gabriel Solomon Danko,
Sakataren Watsa Labarai,
Ƙungiyar Injiniyoyi da Masu Fasaha 'Yan Asalin Ƙasar Zuru,
Zuru, Jihar Kebbi.