Sunan da Ba Ki Ɗinka Ba

Zuwa ga Anti Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ’ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Rumaisa, wadda kike cewa bakinta ya fi hannunta aiki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na rubuta a fili ne don mutanenmu na Doha su karanta, wanda zai ji haushi ya ji.

Kin tuna yadda kika fara tara mu a falonki na unguwar Bin Mahmud duk ranar Asabar? Mu bakwai, Hausarmu duk ta cakuɗe da Larabci, su yalla da khalas. Ki dawo daga asibiti a gajiye, ki shimfiɗa farin zane a ƙasa, ki miƙa mana allura. Dokarki ɗaya ce: duk yarinyar da ta shiga ƙungiya sai ta ɗinka sunanta a jikin zanen da hannunta. Kika ce garin nan ba na zama ba ne, kwantiragin uba na ƙarewa an tattara, to a bar suna a baya. Nawa ya fito a karkace, kika hana ni warwarewa.

Mun sha roƙonki ki sa naki. Sai ki ce, “Ni mai zura zare ce, ku dai ku ɗinka.”

To Anti, ga abin da ya biyo baya. Da kika rasu aka karɓe gidan, muka rasa wurin taro. Reshen ƙungiyar ’yan gida na Al Rayyan suka ce za su ba mu zaurensu, amma sai mun koma ƙarƙashinsu. Muka yarda. Suka naɗa Hajiya, matar shugabansu, uwar ƙungiyarmu, matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa benenki ba.

Sai aka zo kan labaran reshe da ake turawa a waya duk wata. Da yake ina da saurin rubutu, sakatare ya ba ni takarda in buga. A ciki wai Hajiya ce ta kafa ƙungiyar ’yan mata. Na ce wallahi ba haka ba ne. Ya yi murmushi, ya ce in nuna masa inda sunanki yake. Na ɗauko zanen na bi shi kusurwa-kusurwa, alhali na san babu. Ya ce to mu yi tunani, kada mu rasa zauren.

Na buga, Anti. Da yatsun nan nawa. Na tuna ƙannenmu da ba su da wurin zuwa ranar Asabar, na tura. Mutanen da kika yi jinyar ’ya’yansu suka yi ta sa wa Hajiya albarka, ko ɗaya bai ambaci sunanki ba. Na tsane su ranar, amma na fi tsanar kaina.

Ranar bikin karɓarmu suka kafa sabon allo mai hoton Hajiya. Zanenmu kuwa na same shi a teburin abinci, an jera kuloli a kai. Haba, jama’a! Na janye shi a gaban kowa. Manja ya zauna a gefe guda, wanki uku bai fita ba.

Jiya da la’asar na zauna na ɗinka sunanki a kan tabon, da jan zare. Ki yafe mini, na karya miki doka, tunda ba hannunki ba ne. Ya fito a karkace kamar nawa, kuma ba zan warware ba. Asabar zan shimfiɗa shi a tsakiyar zaurensu, in karanta wa yaran sunayen ɗaya bayan ɗaya. In sun kore mu, sun kore mu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Anti. Ya rubuta sunanki inda babu sakataren da zai goge. Amin.

Taki har kullum,
Rumaisa mai karkataccen ɗinki