Raghad da Sauran Goma

Zahir, Makka. Litinin.
Aikin farko: ɗaure birkin keken tura alhazai. An gama.

Assalamu alaikum, Abdulrazak. Sau biyu na rubuta "Mai Girma Kwamishinan Ilimi" ina sokewa. Benci ɗaya muka zauna a sakandare, hannuna ya ƙi. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Saƙonka ya iso cewa Inna mahaifiyarka za ta zo Umra, in tura ta kamar kowace shekara. Zan tura ta.

Ga tawa buƙatar. 'Yata Raghad wata huɗu ke nan tana gida wurin ƙanwata Mujahida, makarantar gwamnati ta ƙi karɓarta. Sabuwar dokarka ce: ba takardar haihuwa, ba rajista. A ɗaki aka haife ta a nan Zahir, ni kuma ba ni da iƙama, takardar izinin zama, wa zai ba ta takarda? Su goma sha ɗaya ne, 'ya'yan Makka da muka tura gida karatu. A yi musu jarrabawa, wanda ya faɗi ya faɗi. Ƙarshen wata ake rufe rajista.

Wataƙila ni ne ban fahimci dokar ba. Sau uku na karanta ta.

Ka huta lafiya.
Ɗanjuma

*

Wa alaikumus salam, Ɗanjuma sarkin lissafi!

Har yanzu kana rubuta lokacin da ka yi atishawa? Muna lafiya.

Maganar Raghad ta ƙare, gobe zan buga wa shugabar makaranta. Amma sauran goman ka bar su. In na buɗe wa goma, ɗari biyar za su taso, majalisa ta cinye ni ɗanye. Kada ka gaya wa iyayensu, kuma don Allah kada ka ɗaga wa Inna hankali, tana da hawan jini.

Naka,
Abdulrazak

*

Aziziyya, Alhamis.

Assalamu alaikum. Inna ta yi Umra lafiya, tana gaishe ka.

Kada ka buga wa kowa waya. Uban Lujain, ɗaya daga cikin goman, shi ne ya kai matata Maryama asibiti lokacin da nake aikin shara a Arfa. Da wane ido zan dube shi a masallaci, tawa tana aji, tasa tana wanke-wanke?

Ka san Inna da takardarta ta masu neman addu'a, wadda nake karanta mata a tsakanin Safa da Marwa tana cewa amin. Da muka gama sunayen ta ce, "Kai Ɗanjuma, ba ka da naka mutanen? Kullum sai tura mutane kamar buhu?" Na ce ina da su. Na rubuta yaran a bayan takardar, na karanta. A zagaye na biyar ta dafa taya ta ce, "Tsaya. Ciwo suke yi?" Na ce a'a. "To me?"

Ban yi niyyar faɗa ba, ko kuma na yi, har yanzu ban tantance ba. Amma ba zan yi wa tsohuwa ƙarya a Harami ba, ko kai ne gwamna. Ta ce, "Abdu ne? Wanda ni ma ban san ranar da na haife shi ba?" Ta cusa takardar a jaka. Jininta lafiya lau, na sa an auna.

In ka fasa ba ni turinta baɗi, halas, shi ke nan.

Ɗanjuma

*

Malam Ɗanjuma,

Bayan gaisuwa. Inna ta ajiye mini takarda a kan abinci, ta ce duk sunan da ke bayanta in sa masa hannu. Za a yi musu jarrabawa ranar Asabar. Na ƙirga, goma ne. Babu Raghad. Abin da ka rubuta shi na sa wa hannu.

Kwamishina

*

Zahir, Talata.

Raghad, Allah ya yi miki albarka. Ki gai da Gwaggo Mujahida.

Laifina ne. Na ji nauyin sa sunan 'yata a takardar addu'ar wani, kada a ce don kaina na yi. Ban roƙi Kwamishina ya ƙara sunanki a masu jarrabawa ba, kuma ba zan roƙe shi ba. Ranar Asabar ki feƙe fensir biyu, ki bi su Lujain, ki zauna a benci. In an ce ki tashi, ki tambayi dalili, ki ce a rubuta miki shi a takarda.

Babanki

Na gobe:
Neman lambar Inna wurin Isa mai masauki.
Gaya wa Maryama. Ban gaya mata ba tukuna.
Tayar hagu.